LEMUN KWALBA: LISSAFIN DA YA KAMATA MU YI TARE

Jawabin da aka yi wa ƴan ƙungiya a taron wata, a Takeita. Kwamiti ya ce a buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa ƴan gidansu.



Iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata, samari da ƴan mata na ƙasar Garagumsa, muna gaishe ku gaba ɗaya. Waɗanda suka taso daga ƙauyukan nesa, sannunku da hanya. Mun gode wa shugaban ƙungiya da ya ba mu izinin magana a gaban manya.

Maganar da muka zo da ita yau ta lemun kwalba ce. Wani zai ce a ransa: ga zancen rijiya, ga na iri, ga na bankin cimaka, me ya kai mu ga lemo? To, ku ba mu haƙuri kaɗan. Abin nan yana taɓa aljihunmu, yana taɓa lafiyarmu, yana kuma taɓa yaran da kuke turo mana lakwal kowace safiya. Wasu daga cikinmu, malaman lakwal da ƴan kwamiti, mun ɗauki niyyar barin shansa kullum. Mun gwada, mun ga inda wuyar take. Abin da muka gane shi ne, da wuya mutum ya bar shi shi kaɗai, domin kwalba ta riga ta shiga cikin karamcinmu. Shi ya sa muka kawo maganar gaban jama'a.

1. YADDA KWALBA TA SHIGO MANA

Lemun nan baƙi da ake kira Coca-Cola an fara haɗa shi a shekarar 1886 a garin Atlanta, ƙasar Amurka. Wani mai haɗa magunguna ne, John Pemberton, ya yi shi, kuma a kantin magani aka soma sayar da shi. Rabin sunansa ma namu ne, domin « kola » shi ne goro a bakin Turawa. A Najeriya an kafa kamfanin da ke ɗura shi a kwalba a 1951. A Yamai kuwa an kafa kamfanin Braniger a 1967.

Dattawan da ke nan za su tuna lokacin da ba a ganin kwalba sai in wani babba ya zo rangadi, ko kuma in mutum ya shiga Damagaram. Ta gilashi ce, a tsaye ake shanyewa a maida wa mai kanti abarsa. Yau fa? Mu nan muna kan mararraba. Babbar hanya daga Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram ta ratsa mu, ga kuma wadda ta yi kudu zuwa Kance da Matamai har iyakar Najeriya. Kaya ba su yanke mana. An daina jiran kwalbar gilashi, ga ta roba mai murfi, a sa a aljihu a hau babur. Firigo mai aiki da hasken rana ya kai ƙauyukan da wutar lantarki ba ta je ba.

A da, in baƙo ya sauka, ruwan randa ake fara ba shi, sai fura da nono, sai goro. Yanzu kafin ya gama cire takalmi an aiki yaro butik. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, gaisuwar surukai, dubiyar marar lafiya, ko'ina sai da kwalba. Wanda bai kawo ba yana jin kunya, wanda aka ba kuma yana jin nauyin ya ƙi karɓa. Da haka mutum yake sabawa, har ya kai ga in bai sha ba bayan abincin rana sai ya ji kamar bai ci ba.

2. LISSAFIN SUKARI

Mu malaman lakwal, in abu ya shige mana duhu, allo da alli muke ɗaukowa. Bari mu yi lissafi kamar yadda muke yi da yara.

A jikin kwalba akwai rubutu ƙanana wanda yawancinmu ba mu dubawa. A baƙin lemo, kowane santilita 10 yana ɗauke da sukari garam 10 da ɗoriya. Gwangwani na santilita 33 yana da garam 35. Robar rabin lita tana da garam 53.

Kun san sukarin kwali da muke sa wa shayi. Ƙwaya ɗaya kusan garam 6 ce. Ke nan gwangwani ɗaya ƙwaya 6 ne, robar rabin lita kuwa ƙwaya 9. Wa zai yarda a jefa masa ƙwaya tara cikin moɗa ɗaya ta ruwa, ya ɗaga ya shanye? Zaƙin zai gundure shi. Amma a lemo an sa tsami, an sa iska, ga kuma sanyi, su ne ke ɓoye zaƙin har ya wuce maƙogwaro ba a ji ba.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kamar garam 50, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Wannan ya haɗa da na koko, da na shayi, da na fura, da na komai. Kun ga roba ɗaya ta riga ta cinye rabon yini duka tun ba a kai ga sauran ba.

Mu ci gaba. Mai shan gwangwani ɗaya kullum: 35 sau 365, garam 12,775 a shekara, kusan kilo 13. Mai shan robar rabin lita: sama da kilo 19. Ku ɗauko kwalin sukari na kilo ɗaya guda 19, ku jera su a kan tabarma, ku duba. Abin da ya bi ta cikin mutum ɗaya ke nan a shekara ɗaya.

3. LISSAFIN KUƊI

Farashi yana hawa yana sauka, amma mu ɗauka kwalba dala 50 ce, wato sefa 250. A wata ɗaya jika 7 da rabi. A shekara jika 91 da dala 50. Kowa a nan ya san nawa ake sayar da tiyar hatsi ranar kasuwa. Ya raba da kansa, ya ga tiya nawa ke nan. Ya kuma tuna da watannin bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maigida yana neman wanda zai ranta masa.

A wajen biki kuwa, baƙi ɗari, kowa kwalba ɗaya, jika 25 sun tashi kafin la'asar, abin da ya rage sai robobi a bakin ƙofa da awaki ke tauna. Mun san gidajen da aka ci bashi saboda haka, don kada a ce sunan ɗan wane bai yi armashi ba. Malamanmu sun sha yi mana wa'azi a kan almubazzaranci, ba sai mun ƙara a kan nasu ba.

4. ABIN DA YAKE YI A JIKI

Sukarin da ke cikin ruwa ba ya daɗewa a ciki, nan da nan yake shiga jini. A bayan tumbi akwai wata ƴar tsoka da ke fitar da wani sinadari mai suna insulin. Aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga naman jiki, a yi ƙarfi da shi. In ana ta kwararo sukari kullum, shekara da shekaru, ga ƙiba ta samu, ga zama wuri ɗaya, sai jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sukari ya taru a jini. Shi ne ciwon sukari.

Za mu faɗi gaskiya: lemo ba shi kaɗai ke kawo ciwon nan ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba. Manomin da ke yini da hauya bai zama ɗaya da mai yini a kan benci ba. Amma cikin duk abubuwan nan, kwalba ce wadda ke hannunmu, mu ɗauka ko mu ajiye.

Ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke da shi a duniya, miliyan 24 daga ciki a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Alamominsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari har da dare, kasala, rama ba dalili, gani ya yi hazo, da ciwo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Abin tausayi, mai ciwon yana jin ƙishirwa sai ya ƙara sayen kwalba. Wanda ya ga haka a jikinsa ya je likita da safe kafin ya ci komai, a ɗiga jinin yatsarsa a auna. In awo ya kai garam 1.26 a lita ko ya wuce, aka sake aka samu haka, to ciwon ne. Tun 1921 aka gano insulin a ƙasar Kanada, ana kuwa rayuwa da ciwon in an bi doka. Sai dai magani ne na har abada, da kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram, da barin gona. In aka yi sakaci yana taɓa ido da ƙoda, yana kai ga yanke ƙafa. Rigakafi ya fi magani.

Sai haƙora. Ƙwayoyin cuta da ke baki suna cin sukari su maida shi tsami, ga tsamin da ke cikin lemon kansa. Su biyu suke cinye farin bayan haƙori har ya yi rami. Wannan muna ganinsa da idonmu a aji: yaro ɗan shekara takwas ya dafe kumatu, ba ya jin abin da mushe ke faɗa. Muna kuma ganin abin da yara ke yi da dala biyar ko goma da kuke ba su na karin kumallo. Da yawa ruwan leda mai launi suke saye a bakin lakwal. Zaƙi ya kashe musu yunwa na ɗan lokaci, kafin azahar sun yi laushi, karatu ba ya shiga. Ƙosai biyu ko ƴar gyaɗa sun fi masa amfani nesa.

5. MAGANGANU UKU DA MUKE JI

Na farko, ana cewa lemo yana ƙara jini, musamman in an haɗa na malti da madarar gwangwani. Abin da ke gina jini shi ne sinadarin ƙarfe, kuma a hanta yake, da nama, da wake, da ganye irin su zogale. Mai jego da mai ciki su sha ƙwayar ƙarin jini da ake ba su wajen awo. Kuɗin kwalba biyu ya sayi tsire mai kyau.

Na biyu, ana ba yaro mai zawo lemo wai ya samu ƙarfi. Iyayenmu mata, don Allah a bar wannan. Sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, yana iya jawo ruwa daga jikin yaro zuwa hanji, zawon ya ƙaru. Abin da ya dace shi ne garin nan na ruwan gishiri da sukari da ake samu a likita, a dama ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da ƙwayar zinki, a ci gaba da ba shi nono.

Na uku, ana cewa tunda namu na gida ne ba shi da laifi. A nan ma a yi hattara. Zoɓon leda da aka cika wa sukari, da garin lemo da ake damawa lokacin buɗa baki, da shayin fada na ɗaya da na biyu da na uku, duk sukari ne, jini kuwa ba ya tambayar daga ina ya fito. Wanda ya bar kwalba ya koma shan shayi sau biyar a yini bai yi nisa ba. Haka nan lemon da aka rubuta ba shi da sukari: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin wannan zaƙin don rage ƙiba. Shi ma yana riƙe harshe cikin son zaƙi.

Wuri ɗaya ne lemo ke zama magani. Mai ciwon sukari da ke kan allura ko ƙwaya, in sukarinsa ya faɗi ƙasa, yana rawar jiki yana gumi, to a ba shi abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya, sa'an nan a kai shi likita.

6. ABIN DA MUKA GANI WAJEN BARI

Kwanakin farko sun fi wuya. Baƙin lemo, da waɗannan ƙananan robobi da ƴan kabu-kabu da direbobi ke sha don hana barci, suna da sinadarin da ke cikin goro da gahawa. In jiki ya saba aka yanke masa, kai yana ciwo, ga kasala, ga saurin fushi. Yana farawa cikin yinin farko, ya tsananta a kwana na biyu, yawanci kafin kwana tara ya wuce. Wanda bai san haka ba sai ya ce rashin lemo ya sa shi ciwo, ya koma. A daure, a sha ruwa, zai wuce.

Waɗanda suka yanke rana ɗaya, kaɗan ne suka ɗore. Waɗanda suka bi a hankali sun fi cin nasara: mai shan biyu ya koma ɗaya, bayan mako guda ya koma kwana ɗaya sha kwana ɗaya hutu, daga nan sai ranar Juma'a kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun lura kuma kowa yana da lokacinsa. Wani bayan abincin rana ne, wani in ya sauka daga mota a tasha, wani in ya zauna fada da dare. Sai mutum ya san nasa, ya tanadi abin da zai sa a madadinsa. Sau da yawa ƙishirwa ce kawai, in aka fara da ruwan randa moɗa guda, sha'awar ta ragu. Ga jiƙon tsamiya, ga ruwan ƴaƴan kuka, ga zoɓo da citta da kanumfari, ga kunun aya, ga nono, a sa sukari kaɗan ko a bar shi sam. Mai son zaƙi ya sayi rake irin na wajen Matamai. Kafin ya gama tauna gaɓa biyu muƙamuƙinsa ya gaji, alhali kwalba cikin minti biyu ta ƙare. Bayan ƴan makonni harshe yana gyaruwa, har mutum ya kurɓi lemo ya ji zaƙin ya yi masa yawa.

Wata dabara da ta taimaka: kuɗin kwalbar da ba a saya ba a jefa shi a asusu a ranar. Ƙarshen wata a fasa a gaban iyali, a sayi abin da kowa zai gani.

Amma inda duk muka fi shan wuya shi ne gidan mutane. Ka je gaida surukinka, an aiki yaro, an kawo kwalba an buɗe a gabanka. Yaya za ka ce a'a? Ka je suna, an miƙa wa kowa, kai kaɗai ka ƙi, sai a ce girman kai ne, ko a fara tambaya ko ciwo gare ka. Nan ne niyyar mako uku take rushewa cikin yini ɗaya. Wannan kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar haraji. Meziko ta sa wa lemo haraji a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya kuma ta fara karɓar naira 10 a kowace lita a 2022. Mu ba mu da ikon sa haraji, amma muna da ikon shirya magana tsakaninmu. Ga abin da muke kawowa a tattauna:

Na ɗaya, a tarukan ƙungiya a daina sayen lemo da kuɗin asusu. A kawo ruwa mai sanyi da zoɓo ko tsamiya mai ƙarancin sukari, a saya wajen matanmu, kuɗin ya tsaya a gari.

Na biyu, mu yarda tsakaninmu cewa wanda ya tari baƙo da ruwa da fura ya cika karamci, kuma wanda aka miƙa wa kwalba ya ce « na gode, a ba ni ruwa » bai yi wa kowa wulaƙanci ba. In dattawa suka fara, sauran za su bi.

Na uku, a suna da biki kowa ya yi daidai ƙarfinsa, kada a ci bashi don kwalba, kada kuma a yi wa wanda bai kawo ba gori.

Na huɗu, yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ɗanɗana masa ko kaɗan. Ƴan lakwal kuma a ba su abin ci kafin su fito. Mai zuwa dubiya ya riƙa ƙwai, ko nono, ko ƴaƴan itace.

Na biyar, ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Kwamiti ya nemi ma'aikatan lafiya su zo su auna duk wanda ya haura shekara arba'in, da duk wanda iyayensa suka yi ciwon.

Ƴan uwanmu masu butik da masu firigo, da yawanku kuna zaune a nan. Ba mu zo don mu kashe muku kasuwa ba, sana'arku halal ce. Sanyin nan da mutane ke nema a watan zafi kuna iya sayar musu da shi a ruwa, da nono, da zoɓon da matan garin nan suka dafa. Ba mu kuma ce lemo haram ne ba. Kwalba ɗaya ranar salla ba ta kashe kowa. Ta kullum ce muke magana a kanta.

Lissafin da muka yi a allo an buga shi a cikin wannan takarda. Kowa ya je gida ya sa nasa farashin da nasa adadin, ya yi da ɗansa ɗan lakwal, ya kawo mana amsa a taron wata mai zuwa. Wanda yake da niyyar gwadawa ya ba magatakarda sunansa, mu haɗa shi da wani a unguwarsu, su riƙa tuna wa juna.

Iyayenmu, in mun yi tsawon baki a gabanku, ku gafarce mu. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.